Wa Ya Ba Ka Izinin Taɓa Ragowar Asusu?

Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin da sauya fasalin naira ya sa mutane kwana a bakin banki, kuɗin talakan Legas ya koma cikin waya, bai kuma fito ba. Mai tumatir a Mile 12 taransifa yake karɓa. Mahauci a mayankar Oko-Oba yana da na'urar POS kusa da ma'auninsa. Mai shayi a Obalende ya liƙa lambar asusunsa a jikin tebur. Kowace naira a cikin waɗannan tana bi ne ta wasu layuka da wani ya zauna ya rubuta a Yaba ko Ikeja ko Lekki, kuma yanzu a cikin masu rubutun akwai namu: yaran Agege da Idi-Araba da Alaba Rago, wasu sun koya a YouTube da datar dare, wasu ta shirin 3MTT da ma'aikatar sadarwa ta Bosun Tijani ta ƙaddamar a 2023 da burin horar da mutum miliyan 3. Don haka abin da ake koya musu, da yadda ake koyar da shi, ya wuce hirar 'yan kwamfuta. Ya shafi duk wanda kuɗinsa ko lambar BVN ɗinsa ke zaune a cikin wata manhaja.

Akwai darasi guda da nake ganin ana yi masa riƙon sakainar kashi, darasin kalmomi uku na Turanci da ke faɗin wa ke da izinin taɓa wane bayani a cikin manhaja. A yawancin cibiyoyin koyon rubuta manhaja 'yan mintoci ake ba shi: ga public, ga private, ga protected, ku haddace, za a tambaye ku a intabiyu. Sai ɗalibai su fito kashi biyu. Wasu sun ɗauke shi ado, abin da ake sawa don oga ya ga ka yi karatu. Wasu kuma sun ɗauke shi kwaɗo, suna ganin da zarar sun rubuta private a gaban wani bayani to ɓarawo ba zai gan shi ba. Duka biyun sun yi kuskure, kuma kuskuren na biyun ya fi tsada.

Bari in buɗe maganar ga wanda ba sana'arsa ba ce. A salon rubutun da masu sana'ar ke kira OOP, ana tattara bayanai da ayyukan da ke sarrafa su a wuri guda, ana kiransa kilas. A ce ƙungiyar 'yan albasa ta sa an rubuta mata manhajar adashe. Za a yi kilas mai suna Asusu. A cikinsa akwai gurbin da ke riƙe da ragowar kuɗin mutum, akwai kuma ayyuka biyu, zuba da cire. A cikin aikin cire ne aka dasa dokokin ƙungiya: ba a cire fiye da abin da ke ciki, dole a rubuta ranar da wanda ya cire, dole a tura wa mai asusu saƙo. Idan gurbin ragowa public ne, kowane ɓangare na manhajar zai iya rubuta asusu.ragowa = asusu.ragowa - 5000 kai tsaye. Kuɗi ya motsa, ba rajista, ba saƙo, ba wanda ya duba ko ma akwai dubu biyar ɗin. Idan private ne, kwamfaila, wato manhajar da ke mayar da rubutun abin da kwamfuta ke iya gudanarwa, za ta ƙi haɗa manhajar, ta ce da mai rubutun ya bi ta cire.

Amfanin wannan ba ya fitowa ranar da aka rubuta shi. Yana fitowa ne ranar da ma'aji ya kira da asuba ya ce lissafi bai daidaita ba, akwai giɓin dubu arba'in. Wanda ya rufe ragowa yana da wurare biyu ko uku da zai duba, domin ta nan kaɗai kuɗi ke iya motsi. Wanda ya bar ta a buɗe sai ya bi dubban layuka ɗaya bayan ɗaya, ciki har da waɗanda wani da ya bar aiki tun bara ya rubuta.

David Parnas ne ya fara tsara wannan tunani tsaf, a wata muƙala da ya wallafa a 1972 yana Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka. Hujjarsa ita ce a raba manhaja gida-gida bisa shawarwarin da ake tsammanin za su sauya nan gaba, kowane gida ya ɓoye tasa shawarar daga sauran. A lura, damuwarsa sauyi ce, ba ɓarayi ba. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne kwabo. Sabon mai rubutu yakan ajiye kuɗi a naira da ɗigo, sai wata rana ya gano cewa a irin wannan lissafi kwamfuta kan haɗa 0.1 da 0.2 ta ba da 0.30000000000000004. Sai ya koma ajiye komai a kwabo, lamba cikakkiya ba ɗigo, kamar yadda Paystack ke karɓar adadin kuɗi: naira 500 ka tura 50000. Idan ragowa a rufe take, fayil ɗaya zai gyara. Idan a buɗe take, duk inda aka taɓa ta sai an gyara, kuma wurin da aka manta shi ne zai caji mai albasa ninki ɗari ko ya biya shi kashi ɗaya bisa ɗari.

Duk wanda ya tashi a Arewa, ko ma a lungunan Agege, ya san rubutun nan da ake yi da gawayi ko fenti a bakin ƙofa: Ba shiga. Rubutun bai taɓa tsayar da ɓarawo ba, ba kuma don shi aka yi ba. An yi shi ne don mai mutunci, baƙon da zai iya kutsawa bisa rashin sani. Yana ganin sa zai tsaya a zaure, ya yi sallama, a aiko yaro. Matsayin private ke nan. Bjarne Stroustrup, wanda ya fara aikin da ya zama harshen rubuta manhaja na C++ a Bell Labs a 1979, shi da kansa ya bayyana cewa wannan tsari kariya ce daga kuskure, ba daga mai niyyar ha'inci ba.

Kuma hanyoyin tsallake shi ba sirri ba ne. A C++ akwai tsohuwar dabarar rubuta #define private public a saman fayil, komai ya buɗe, ko da yake ƙa'idar harshen ba ta amince da ita ba. A Java, harshen da Sun Microsystems ta fitar a 1995, ana kiran setAccessible(true) a shiga gurbin da aka rufe. A Python babu ma private na gaske. Ɗan layi ɗaya a ƙasa kafin suna roƙo ne kawai. Idan ka sa biyu, harshen yana sauya sunan ne, __ragowa ta koma _Asusu__ragowa, wanda ya san haka kuwa ya isa gare ta. A TypeScript, da yaranmu da yawa ke ci da shi yanzu, private tana ɓacewa da zarar an mayar da rubutun JavaScript, ba ta isa burauza ba sam. JavaScript kanta sai a ƙa'idar 2022 ta samu rufaffen gurbi na gaske, mai alamar # a gaba.

Bayan wata sallar Juma'a wani ƙanina a sana'a ya nuna mini manhajar da yake haɗa wa wata ƙungiyar 'yan kasuwa. Na ga lambobin BVN da lambobin sirrin mambobi a rumbun bayanai, a fili kamar yadda aka shigar da su. Na tambaye shi. Ya ce, "Ai Yaya, duk private na sa su, babu mai gani." Yaron yana da ƙoƙari, kuma ba shi na zarga ba. Wanda ya koya masa ne ya bar shi da tunanin cewa kalmar da ke hana abokin aikinsa kuskure ita ce za ta hana wanda ya saci rumbun karanta abin da ke ciki. Wanda ya samu kwafin rumbu bai san ma an taɓa rubuta wani kilas ba. Tsaro wani aiki ne daban: a murɗe lambar sirri ta yadda ba a iya mayar da ita, a kulle bayanai da mabuɗi, sabar da ke riƙe da bayanan, wato babbar kwamfutar da wayoyi ke aika wa buƙata, ta tantance kowace buƙata kafin ta amsa, a iyakance ma'aikatan da ke iya leƙa rumbu. Dokar kare bayanai ta Nijeriya da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su, akwai kuma hukumar NDPC da ke sa ido. Ranar da bayanan mambobi suka fita, "na sa private" ba amsa ba ce a gaban hukuma, ba kuma amsa ba ce a gaban dattijan ƙungiya da suka yarda da kai saboda sun san mahaifinka.

To idan ba kwaɗo ba ce, me ya sa nake cewa kada a raina ta?

Saboda yadda aiki yake a garin nan. Mai rubuta manhaja a Legas ba ya daɗewa a kujera ɗaya. Da hannunsa ya faɗa sai wani kamfani ya ƙara masa albashi, ko ya samu aikin da ake biya da dala daga ɗakinsa, ko ya haɗa jaka ya yi Kanada ko Jamus. Manhajar kuwa tana nan, kuɗin mutane na ciki. Wanda ya gaje ta ba zai samu takardar bayani ba, don a gaskiya kaɗan ne ke rubutawa. Abin da zai samu shi ne rubutun kansa. A nan public na ce masa wannan alkawari ne, wasu sun dogara da shi, kada ka sauya. Private na ce masa wannan harkar cikin gida ce, gyara yadda ka ga dama muddin alkawarin na nan. Manhajar da komai nata public ne ba ta gaya wa magajin komai ba, sai ya riƙa tsoron taɓa ko'ina. Daga nan ake fara jin "kar ka taɓa wannan fayil, ba wanda ya san abin da zai fashe."

Wani injiniya da ya yi aiki a Google, Hyrum Wright, ya lura da abin da yanzu ake kira da sunansa: idan masu amfani da abu suka yi yawa, duk wata ɗabi'arsa da ake iya gani sai an samu wanda ya dogara da ita, ko ka yi alkawarinta ko ba ka yi ba. Java ta ɗanɗana wannan. Shekara da shekaru manyan manhajoji suna kutsawa cikin kayan cikinta irin su sun.misc.Unsafe, abin da ba a taɓa nufin na waje ya taɓa ba. Da aka zo rufewa sai da aka bi a hankali: Java 9 a 2017 ta kawo sabon tsarin raba gidaje tana gargaɗi kawai, Java 16 a 2021 ta rufe bisa asali, Java 17 a shekarar ta cire maɓallin da ke buɗe komai gaba ɗaya. Shi Unsafe ɗin ma dole aka bar shi a buɗe, don masu jingine da shi sun yi yawa. Android ma daga fitowa ta 9 a 2018 ta fara taƙaita kutsen da manhajojin waya ke yi cikin ɓangarorin da ba na jama'a ba. Idan kamfanonin da ke da dubban injiniyoyi sun sha wannan wahalar wajen rufe abin da aka saba shiga, ƙaramin ofis mai mutum huɗu a Yaba ya san abin da ke jiransa.

Akwai ma wurin da wannan kalma ke zama ƙofa ta gaske, kuma yaranmu masu sha'awar kirifto ya kamata su san labarin. A Yulin 2017 wani ya kwashe kuɗin kirifto na ether sama da 150,000, kimanin dala miliyan 30 a lokacin, daga asusun haɗin gwiwa na manhajar Parity. Bai fasa wani mabuɗi ba. Aikin da ke naɗa mamallakin asusu an bar shi a buɗe, shi kuma ya kira shi ya naɗa kansa. A Nuwambar shekarar wani ya sake bi ta makamanciyar ɓaraka, ether sama da 500,000 suka maƙale. A wancan lokaci a harshen Solidity, wanda aka rubuta waɗannan asusun da shi, duk aikin da ba a faɗi matsayinsa ba public yake zama. Daga fitowa ta 0.5.0 a 2018 aka tilasta wa mai rubutu ya faɗa da bakinsa. Abin mamaki, a wannan harshen dai, bayanin da ka sa wa private kowa na iya karanta shi daga kundin Ethereum, inda ake rubuta duk motsin ether, domin kundin a bainar jama'a yake. Kalma ɗaya, a kan aiki tana tsare dukiya, a kan bayani ba ta ɓoye komai. Wanda ya haddace ta kawai ba zai bambance ba.

Yanzu ga abin da ya fi ba ni haushi, kuma shi ne ya fi yawa a rubutun da nake dubawa. Mutum ya rufe duk gurabunsa, sannan ya danna maɓalli manhajar da yake rubutu a cikinta ta haifar masa geta da seta na kowanne, wato aikin karanta gurbin da aikin sauya shi. Ragowa private ce, amma ga setRagowa nan public, tana karɓar duk lambar da aka ba ta ba tambaya. An yi ba a yi ba. Duk wanda zai iya rubuta ragowa kai tsaye a da, yanzu ma zai iya, sai dai ya ƙara baka biyu. Kilas ɗin asusu bai kamata ya san wani abu wai shi sauya ragowa ba. Abin da ya sani shi ne zuba, cire, mayar da kuɗin da aka tura bisa kuskure, kowanne da dokarsa da rajistarsa. Ko a banki babu fom ɗin "mayar da ragowata miliyan ɗaya". Tambayar da ta kamata a yi kafin a rubuta kowace seta ita ce wane abu ne a duniyar gaske yake sa wannan lamba ta sauya. Sunan wannan abu shi ne sunan aikin. Manhajojin AI da ake sawa su yi rubutu yanzu suna zubo geta da seta cikin daƙiƙa, don haka wanda bai iya yin tambayar ba zai tara su fiye da da.

Protected kuma na fi jin tsoronta fiye da public, don tana da kamannin tsaro. Duk wanda ya gaji kilas ɗinka, wato ya gina sabon kilas a kan naka, yana shiga, kuma ba ka san su wa za su gaje shi ba. A Java har maƙwabtan da ke ƙunshi ɗaya da kai suna shiga. Stroustrup ma ya rubuta cewa sa wa bayanai protected galibi kuskuren tsari ne.

Masu ja da ni suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Ta farko Python ce. Guido van Rossum ya fitar da ita a 1991 ba tare da tilasta rufi ba, al'adar masu ita kuma ita ce duk manya ne, kowa ya san abin da ya dace. Ga ta nan tana ɗauke da Instagram da mafi yawan aikin AI na duniya. Gaskiya ne. Amma duba manyan ayyukan Python ka ga yadda ake girmama ɗan layin nan na ƙasa, yadda mai duba rubutu ke mayar maka da aikinka idan ka taɓa abin da ba naka ba. Iyakar na nan, mutane ne ke tsaron ta maimakon kwamfaila. Wannan yana aiki inda ake da al'adar wani ya duba rubutun wani kafin a haɗa. A ofishin da mutum ɗaya ke rubutawa, ya gwada, ya tura wa kwastoma da ƙarfe biyun dare kafin janareta ya mutu, gara harshen ya taimaka masa.

Ta biyu ita ce sauri. "Oga, kwastoma na jira, ba lokacin wannan ƙa'idar." Rubuta kalma mai harafi bakwai ba ta cin lokaci. Abin da ke cin lokaci shi ne tunanin wa ya kamata ya taɓa me, kuma wannan tunani ba a tsere masa, ana dai ɗage shi zuwa ranar da kuɗi ya ɓace. Na yarda cewa ɗan rubutun da za a yi amfani da shi sau ɗaya a jefar, ko kilas da ba ya ɗauke da komai sai bayanai ba doka, ba sa bukatar wannan kaffa-kaffa. C++ ma ta bar struct, ɗan'uwan kilas da aka fi amfani da shi wajen tara bayanai kawai, a buɗe bisa asali saboda irin wannan. Amma inda akwai doka da dole ta tsaya, kamar kuɗi ba ya sauka ƙasa da sifili, ko oda ba ta komawa "ba a biya ba" bayan an biya, rufi ya wajaba.

Ta uku masu gwaji ke kawowa: ta yaya zan gwada aikin da aka rufe? Yawanci amsar ita ce ka gwada shi ta ƙofar da jama'a ke bi, ka kira cire da kuɗin da ya fi ragowa ka ga ko ta ƙi. Idan kuma aikin cikin ya yi girman da dole sai an gwada shi shi kaɗai, alama ce ya isa ya tashi ya zama kilas mai zaman kansa. Buɗe shi ga kowa don kawai gwaji ya wuce, to an ba kowa izini ke nan har abada.

Abin da nake so daga masu koyarwa, na gwamnati da na kuɗi da 'yan'uwanmu da ke tara yara a shagunan Ikeja ranar Asabar, shi ne su daina fara darasin da jadawalin haddacewa. A ba ɗalibai manhajar adashe da komai nata a buɗe, a ɓoye layi ɗaya a ciki da ke rage ragowa ba rajista, a ce su nemo shi. Bayan sun sha wahala a ba su wadda aka rufe su sake nema. Washegari a ce su mayar da naira kwabo a duka biyun. A rana ta uku malam ya buɗe rumbun bayanan a gabansu ya karanto duk abin da suka sa wa private, don su gani da idonsu inda ikon kalmar ya ƙare. Sai bayan nan a nuna musu cewa kowane harshe da inda ya ja iyakarsa: a Java kilas ne, shi ya sa asusu ɗaya ke iya leƙa cikin wani asusu ɗan'uwansa, a Dart, da masu haɗa manhajar waya da Flutter ke rubutu da shi, ɗan layin ƙasa yana rufe abu ne daga wasu laburare, wato wasu ƙunsoshin rubutu daban, ba daga maƙwabcinsa na cikin fayil ɗaya ba, a Go babban harafi a farkon suna shi ke fitar da abu waje, a Rust komai a rufe yake sai ka ce pub.

Su kuma shugabannin ƙungiyoyi da 'yan kasuwar da ke ba da kwangilar manhaja, ba sai sun iya karanta layi ko ɗaya ba. Su zaunar da yaron su tambaye shi: ta hanyoyi nawa kuɗi ke iya sauyawa a asusun mutum, kuma kowace tana barin rajista? Sannan, idan wani ya saci rumbun gaba ɗaya, me zai iya karantawa? Idan ya lissafo hanyoyin farko da yatsun hannu ɗaya, ya kuma ba da amsa ta biyu ba tare da ya ambaci private ba, a biya shi kason farko ya ci gaba da aiki.